Gurun da Ke Cikin Jakarka

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Bashiru,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kai ka inda ka ce mana za ka, Ya hana ka sauka inda ba ka faɗa mana ba. Amin.

Kada ka yi mamakin karɓar takarda daga mutumin da kuka kwana gida ɗaya da shi. Ka san halina. In na dube ka ido da ido, maganar da na shirya mai taushi sai ta fito da faɗa, kai kuma ka sunkuyar da kai kana "to, Baba, to, Baba," alhali ba abin da ya shiga. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ka yi haƙuri da rubutun, bokona na yaƙi da jahilci ne, innarka ta leƙo ta ce kamar kaji sun yi tono. Za ni sa maka ita a hannu a tashar Isa in juya. Motar Sakkwato ba ta cika da wuri, kana da lokaci. Ka karanta ta duka kafin ku tashi, kada ka ce sai ka isa.

Ba za ni yi kewaye-kewaye ba. Shekaranjiya da safe na hau rumbu in ɗebo damin gero, na kai hannu inda na saba rataye guruna na kokawa, na ji wayam. Igiyar na nan, gurun babu. Ɓera ba ya kwance ƙulli, Bashiru. Na sauko ban ce wa kowa komai ba. Wanda za shi kwaleji ya koyi aikin malanta ba ya bukatar guru. Na kuma san yaran Ɗan Kulu, 'yan sa-kan nan da kake zama da su bakin kasuwa, suna tara samari za su shiga daji, kuma a mararrabar da ke kafin gada suke ɗaukar mutane a babur. Motarku ta nan za ta bi. Ina jin tsoro, kuma ban ji kunyar faɗa maka ba. Tsoron da nake ji shi ne ka ce wa direba ya tsaya.

Ka tuna ranar da muke gyaran danga, ka tsaya da itace a hannu ka yi wata magana da Turanci? Ban riƙe ta ba, amma na riƙe fassarar da ka yi mini. Ka ce:

"Baba, Turawa na da wata magana bisa irin zaman ga namu. Sukan ce an jera ma mutum karta. Wanda ka rabon ya riga ya shirya ta tun ba a zamna ba, dut masu kyau na hannun abokin karonka, kai ko sai tarkace. Ko kai ad da wayon duniya, an gama cin ka tun ba ka ɗauka ba."

Na ce, "To, in an jera ma, mi a abin yi?"

Ka ce, "Wanda anka riga anka ci, mi zai ji tsoron rasawa?"

Ni ban taɓa riƙe karta ba, Allah Ya tsare ni da caca. Amma maganar ta zauna mini, don gaskiya ce. Masu manyan bindigogi suna daji, mu muna da fartanya da bindigar toka. Su ke cewa a yi noma, su ke cewa a bari. Ko makaho ya san ba a raba daidai ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ƙarshen da ka sa mata. Na yi ta juya maganar, ban ga inda Turawan suka ce wanda aka jera wa karta ya zauna ya zuba ransa a kan tabarmar cacar ba. Wannan kai ka ƙara shi, kuma na san daga bakin wa ka ɗauko. Yadda ni na fahimta, ana faɗa wa mutum an jera masa ne don ya buɗe ido ya san irin wurin da ya zauna. Na san haka don an taɓa jera mini, ko da yake ba da karta ba.

Ka tashi ka tarar da ni ina ɗingishi, ka kuma ji tsofaffi suna kirana Sarƙaƙiya. A zamanina, daga Tozai har Gangara, ba saurayin da bayana ya taɓa ƙasa a hannunsa. In kaka ta yi, an kai hatsi rumbu, mukan bi gari gari da makaɗinmu Illo. Wata shekara aka gayyace mu wani ƙauye can bakin iyaka. Ba za ni kira sunansa ba, jikokinsu na nan, muna gaisawa. Suna da wani gago, gwanin kokawa, da suka ɗauko daga tsallake, ana ce masa Kututture.

Ga yadda suka yi. Tun da aka buɗe fage suka riƙa turo mini samarinsu ɗaya bayan ɗaya, ba don su kayar da ni ba, don in zubar da ƙarfina. Ina kayarwa ana guɗa, ni kuma kaina na ƙara girma. Shi Kututture yana kwance gindin tsamiya ana yi masa fifita. Sai da la'asar ta yi, rana ta sauko daidai ido, sannan ya taso. Jikinsa na sheƙi, ashe yauƙin kuɓewa aka shafe shi da shi. Suka tsayar da ni ina fuskantar rana.

Kai ba ka tarar da kokawar gaske ba, bari in gaya maka ƙa'idarta. Mai neman karo yakan zo gabanka ya duƙa ya miƙo hannuwa. In kana so, ka miƙa naka. In ba ka so, ka kau da kai, ya wuce ya nemi wani. Ba a bin ka bashin komai. Manyan gagwaye duk sun sha kau da kai, shi ya sa suka tsufa da ƙafafunsu. Kututture ya zo ya duƙa gabana. Kawuna Mamman, wanda ya koya mini kokawa, ya matso bayana ya ce a hankali:

"Kau da kai, yaro. Wanga karon ba naka na ba. Sun gajisshe ka, shi ko tun hantsi shina inuwa."

Wallahi na ji shi, kuma na san gaskiya ya faɗa, don ƙarfina ya riga ya ƙare. Amma sai Illo ya matso da ganga har kunnena, yana, "Sarƙaƙiya hana ratse, ɗan Gobir ba ya ja da baya." 'Yan mata na kallo. Na miƙa hannu. Ban sami inda za ni riƙe a jikinsa ba. Ya ɗaga ni sama ya buga da ƙasa ta gefen ƙugu, na ji ƙarar ƙashin da kunnena. A kan amalanke aka mai da ni gida, na yi watanni hannun maɗori, damina ta zo ta wuce ƙanena ke yi mini noma. Kafin in fara takawa da sanda, labari ya zo mini cewa an ga Illo a wata kasuwa yana yi wa Kututture kiɗa.

Ban riƙe Illo a zuciya ba, sana'arsa ke nan. Amma ka lura da kyau, makaɗi ba ya shiga fage. Ɗan Kulu yana da baki, na sha jin sa yana zuga ku, yana cewa wanda ya zauna gida mace ne. Ka tambayi kanka, a fitar da suka yi bara, wa ya dawo da ƙafarsa, su wa aka dawo da su a kan babur an rufa musu zane. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Duk inda ka ga an gama shirya fage kafin a kira ka, kana da ikon kau da kai, kuma ba wanda zai rage maka komai sai surutu.

Sai dai kau da kai ma yana da wurinsa, kuma nan ne na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko ciwo.

Kana tuna Jaɓɓi, Bafulatanin da ke sauka da shanunsa a gonarmu ta daji kowane rani? Su ci kara, su bar mana taki, mu ba shi dami. Haka ubansa ya yi da ubana. Kana ƙarami yakan ɗora ka a kan bijimi kana ihu. Da fitinar nan ta taso, shanunsa aka fara korewa, tun kafin a taɓa namu. Amma gari ya ɗauki zafi, aka daina bambancewa. Duk wanda aka gani yana magana da Bafulatani sai a ce shi ke kai rahoto daji, kuma ka san abin da ake yi wa wanda aka ce wa haka.

Ranar wata kasuwar Bafarawa, gab da girbin dawa, ina tsaye wajen masu gishiri sai na ji an taɓa mini hannun riga. Jaɓɓi ne, ya rame, rawaninsa duk ya yage. Ya ce:

"Sarƙaƙiya, tsaya, magana guda za ni hwaɗa ma."

Na duba hagu da dama, na ga idanu a kanmu. Na janye rigata, na kau da kai, na shige cikin mutane kamar ban taɓa ganinsa ba. Mutumin da muka ci tuwo ƙwarya ɗaya. Na ji ya sake kiran sunana sau ɗaya, ban waiwaya ba.

Abin da ya zo faɗa mini, sai daga baya na ji shi daga bakin wata mai tallar nono da ya aiko, ta kuwa iso a makare. Cewa ya yi kada kowa namu ya je gonar daji a kwanakin nan, ya ga baƙi sun sauka a kurmin da ke bayanta. Yayanka ya riga ya ɗaura wa shanu amalanke ya tafi yankan dawa. Sauran ka sani, kai ka taya ni ɗauko shi.

Ɗan fari ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yabonsa a gabansa ba, ko dariya ban cika yi da shi ba. Kunya ce ta gado, haka aka yi mana. Yau za ni rubuta shi: Lawali. Lawali yaron kirki ne, kuma ya tafi bai taɓa jin haka daga bakina ba. Kai ba za ni yi wannan kunyar da kai ba. Ina son ka, Bashiru, kuma ba ni da ƙarfin da za ni sake ɗaukar wani ɗa daga daji.

Na san saboda Lawali kake son shiga. Ni ma da ƙuguna lafiya, da wataƙila shaiɗan ya raya mini haka. Amma ka tsaya ka yi tunani. Waɗanda suka kashe shi, bindigar toka ba ta kai inda suke. In yaran Ɗan Kulu sun shiga daji sun kasa kai musu, ba sa dawowa hannu banza, rugar da ta fi kusa suke faɗa wa. A bar jaki a daki taiki. Wa ke cikin rugar? Irin su Jaɓɓi, waɗanda aka jera wa karta kamar yadda aka jera mana. Tsorona biyu ne: ko a kawo mini gawarka, ko ka dawo da ranka da jinin wanda bai ji ba bai gani ba a hannunka. Ban san wanda ya fi muni ba. Shi Jaɓɓi an ce ya tsallaka Nijar da iyalinsa, ban sami wanda zai kai masa ban-haƙurina ba.

In ka je Sakkwato za ka haɗu da mutane iri-iri, har da waɗanda aka ce maka maƙiyanka ne. Kafin ka juya wa mutum baya, ka duba hannunsa tukuna, ka ga ko shi ma tarkacen aka ba shi. Kuma duk wanda ya ce maka "tsaya, magana guda," ka tsaya ka ji, ko da duk kasuwa na kallonka.

Saura guda, ita kuma kai shaida ne, sai dai ban sani ba ko ka gane abin da ka gani. Daminar da ta biyo bayan rasuwar Lawali, na zauna. Gonar daji ba ta shiguwa. Kusa da gari kuma an hana shuka dogon hatsi, don a riƙa hango mai tahowa. Na ce to shi ke nan, an gama da mu, me za ni wahalar da kaina? Ruwa ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, ni ina zaure ina jan carbi, ina kiran abin tawakkali. Ba tawakkali ba ne, zuciya ce ta mutu. Irin maganarka ce ta bakin danga, sai dai kai ta tura ka daji, ni ta zaunar da ni.

Wata safiya innarka ta fito da kwashen noma a kafaɗa da ƙwaryar iri, ta tsaya ƙofar zaure. Ka san ba ta ɗaga mini murya, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta ce:

"Malam, in an hana ka noma dogo, ba a hana ka noma gajere ba. Ɗiyan ga da sunka saura, ƙasa za su ci?"

Ta wuce bayan gida. Wake ta shuka, da gyaɗa, da kuɓewa, da yakuwa a bakin danga, abin da ko gwiwa ba ya kaiwa. Na yi kwanaki ina jin haushinta, ni da na saba cika rumbu da dawa a ce in koma noman mata. Daga baya kunya ta fitar da ni. Wannan waken shi muka kai kasuwa muka musanya da gero, shi ya riƙe gidan nan har kaka ta zagayo. Gyaɗar kuma da ita aka yi ƙuli-ƙulin da ya kai ka ƙarshen sakandare. Ita ba ta san wata maganar Turawa ba, amma ta fi mu gane ta, ni da kai. Ba ta tsaya gardama da masu jerawa ba, ba ta kuma kwanta ta mutu ba, wurin da hannunsu bai kai ba ta nema.

Karatun nan naka shi ne noman gajeren. Na san a idonka ƙaramin abu ne, abokanka na riƙe da bindiga kai kana riƙe da alli. Makarantar garin nan tun da malamai suka gudu awaki ke kwana ciki. Ƙannenka mata ko sunansu ba su iya rubutawa ba. Wata rana wutar nan za ta mutu, don ba wutar da ba ta mutuwa, kuma ranar za a nemi wanda ya rage da rai da ilimi. Ina so a same ka.

Yanzu maganar gurun. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na san labarin da ka tashi kana ji. An ce gurun Sarƙaƙiya bai taɓa ba da kunya ba, wai wani malami ne can Gobir ta arewa ya haɗa shi, ƙarfe ba ya kama mai shi, ƙasa ba ta cin bayansa. An ce ranar da Kututture ya kayar da ni, mantawa na yi da shi a gida. Na ji yaran Ɗan Kulu suna faɗar haka, har ɗayansu ya taɓa zuwa ya durƙusa yana roƙon in ara masa, na kore shi. Kai ma na tabbata abin da ka dogara da shi ke nan, kana ganin shi zai daidaita maka kartar.

Illo ne ya ƙirƙiri zancen mantuwar, a kan hanyarmu ta dawowa, don a rufa wa garinmu asiri. Ni kuma na yi shiru, don ya fi mini daɗi a ce mantuwa ta kayar da ni da a ce wauta. Shekara da shekaru ina jin ana faɗa ina gyaɗa kai. Ban taɓa zaton ɗana ne zai zo ya gina ransa a kan wannan ƙaryar ba.

Bashiru, yana ɗaure a ƙuguna ranar. Kawu Mamman da hannunsa ya ɗaura mini shi, ya ja ƙullin sosai. A kansa na faɗi. In ka ciro shi daga jakarka ka juya cikinsa, za ka ga inda fatar ta tsage, maɗori ne ya yanke shi da aska don ƙugun ya kumbura ya ƙi kwantuwa, daga baya na ba baduku ya ɗinke. Abin da bai tare mini hannun mutum ba, ba zai tare maka harsashi ba.

Ga abin da nake roƙonka, ban ce umarni ba, roƙo. In kun kai mararraba, za ka gan su gindin itace da baburansu, wataƙila su miƙo maka hannu ta taga. Ka kau da kai. Za su kira ka da sunan da ba ka so, ka bar su, ubanka ya amsa kiran ganga ga shi yana jan ƙafa har yau. In kun isa Sakkwato lafiya, ka naɗe gurun a tsumma ka ba direban ya dawo mini da shi. Kada ka ce za ka buga waya kawai, murya ana iya yin ta daga ko'ina, ko daga cikin daji. Gurun nake so in riƙe a hannuna, in ji direba ya ce a tashar Sakkwato ka ba shi.

Innarka ba ta san gurun ya bar rumbu ba, kuma ba za ni gaya mata ba. Ta sa maka ƙuli-ƙuli da garin yaji a ƙasan jaka, ta ce kada ka ba kowa robar, tata ce.

Allah Ya tsare hanya, Ya rufe idon mugu daga motarku, Ya sa ka gama lafiya ka dawo ka same mu da rai. Allah Ya ji ƙan Lawali. Allah Ya yi maka albarka.

Daga gobe, duk motar da ta shigo daga Sakkwato za ta tarar da ni a kan bencin mai shayi na bakin tasha. Ka san zama mai tsawo yana tayar mini da ciwon ƙugu. Kada ka bar ni in daɗe.

Ni ne mahaifinka,
wanda ake kira Sarƙaƙiya.